Babi na Bakwai: Chloromycetin, Maganin da Laƙabinsa Ya Riga Sunansa Zuwa

Duk wanda ya buɗe tsohon littafin likitanci na Turanci, irin waɗanda aka buga daga 1949 zuwa ƙarshen shekarun 1960, zai yi ta karo da kalma ɗaya: Chloromycetin. Tana babin zazzaɓin taifot, tana babin sanƙarau, tana babin ciwon huhu da tarin shiƙa da ciwon ido. Amma ɗalibin likitanci na yau yana iya kammala karatunsa bai taɓa jin malaminsa ya furta ta ba. Maganin bai ɓace ba. Yana nan a kantunan magani na duniya, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sunan ne ya sauya. Yanzu a takardar likita ana rubuta chloramphenicol, wanda idan muka rubuta shi yadda ake faɗarsa zai zama kuloramfenikol.

Kafin a yi nisa, a gyara karatun kalmomin. Mai karatun boko idan ya ga "ch" yakan karanta ta kamar "c" ta cikin "ci" ko "ciwo". A waɗannan sunaye biyu ba haka ba ne. Asalinsu daga harshen Girka yake, kuma Turanci yana karanta "ch" ɗin Girka kamar "k", yana karanta "ph" kamar "f". Saboda haka kuloromaisitin ake cewa, kuloramfenikol ake cewa. Haka kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro, haka kwalara.

Labarin ya fara ne daga ƙasa, ƙasar da ake takawa. Bayan da aka samo sitireftomaisin a 1943 daga wata ƙwayar halitta da ke zaune a cikin ƙasa, kamfanonin magani na Amurka suka duƙufa neman irinsa. Kamfanin Parke-Davis na birnin Ditiroit ya ɗauki nauyin wani masanin tsirrai na Jami'ar Yale, Paul Burkholder, wanda ya riƙa karɓar ƙunshin ƙasa daga sassan duniya yana bincikawa ɗaya bayan ɗaya. Dubbai ya duba. A cikin wani ƙunshi da aka ɗebo daga wata gona kusa da Karakas, babban birnin Benezuwela, ya sami wata halitta da ke fitar da sinadari mai hana ƙwayoyin cuta iri-iri yaɗuwa. Aka raɗa wa halittar suna Streptomyces venezuelae don tunawa da ƙasar da ta fito. Kusan a lokaci guda, David Gottlieb na Jami'ar Ilinoi ya sami irinta a ƙasar garinsu. Masu binciken Parke-Davis, ƙarƙashin John Ehrlich, suka tace sinadarin, suka ba da sanarwarsa a mujallar Science a 1947 da sunan Chloromycetin.

Sunan gaɓa uku ne. Ta farko, "chloro", tana nuna cewa akwai sinadarin kulorin a jikin maganin. Kulorin kansa ya samo sunansa a 1810 daga Humphry Davy na Ingila, wanda ya ɗauko kalmar Girka mai nufin kore-kore mai ratsin rawaya, domin launin iskar ke nan. Maganin kuwa farin gari ne mai tsananin ɗaci, babu kore ko kaɗan a jikinsa. Gaɓa ta biyu, "mycet", ita ma Girka ce, tana nufin dangin fumfuna da naman kaza. Ta uku, "in", ƙarshe ne da masu ilimin sinadarai suka saba liƙa wa abin da aka tato daga wani abu, kamar yadda yake a ƙarshen insulin da fenisilin. Idan an haɗa, ma'anar ita ce: abu mai kulorin da aka tato daga fumfuna.

Sai dai gaɓar tsakiya ba ta faɗi daidai ba. Streptomyces ba fumfuna ba ce, bakteriya ce. Tana girma da siraran zaruruwa masu rassa, shi ya sa masanan farko suka ɗauke ta 'yar uwar fumfuna, sunan kuma ya zauna ko bayan da aka gane gaskiya. Daga nan Turancin likitoci ya gaji wannan ƙarshe na "mycin" da ake gani a sitireftomaisin da niyomaisin da kanamaisin, wanda yake nuna cewa daga dangin Streptomyces aka samo maganin. Har ma akwai wata 'yar ƙa'ida da ɗalibai kan ɗauka kuskuren bugu ne: gentamicin da "i" ake rubuta shi, ba da "y" ba, domin shi daga wani dangin bakteriya daban ya fito, wato Micromonospora. Harafi ɗaya ke ɗauke da wannan bayanin.

To, ina suna na biyu ya fito? A al'adarmu sunan yanka ke fara zuwa ran suna, laƙabi ya biyo baya idan an ga hali ko kamanni. Wannan magani nasa ya zo a juye: laƙabin ya riga sunan yanka. A 1947 ba a san ainihin tsarin sinadarin ba, an dai san inda ya fito da abin da yake yi. Cikin shekara biyu masu ilimin sinadarai na kamfanin, cikinsu har da wata mace mai suna Mildred Rebstock, suka gano tsarinsa, suka kuma haɗa shi da hannu a ɗakin gwaje-gwaje ba tare da taimakon bakteriyar ba. Aka wallafa wannan aiki a 1949. Shi ne magani na farko a cikin dangin masu kashe ƙwayoyin cuta da aka samo daga halittu wanda aka riƙa haɗawa a masana'anta da yawa, abin da ya sa daga baya ya zama mai arha ƙwarai. Da kamfanin ya riƙe kalmar Chloromycetin a matsayin sunan kasuwa, mallakarsa shi kaɗai, sai aka buƙaci wani suna da kowa zai iya amfani da shi. Aka gina chloramphenicol daga gutsattsarin sunayen sassan sinadarin: "chlor" na kulorin, "am" na amid, "phe" na fenil, "ni" na naitiro, "col" na gilaikol. Babu yabo a cikinsa, babu alkawari. Jerin abin da ke ciki ne kawai.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Aureomycin na kamfanin Lederle, wanda ya fito a 1948, sunansa na nuni da launin zinariya, daga baya ya zama kulotetirasaikilin. Terramycin na Pfizer, na 1950, sunansa daga kalmar Latin mai nufin ƙasa, ya zama oksitetirasaikilin. Duk ukun sunayen kasuwarsu suka fara shiga bakin likitoci, kuma a kansu ne aka fara yayata kirarin nan na magani mai faɗin aiki, wato wanda yake kama ƙwayoyin cuta na jinsuna da yawa, saɓanin fenisilin na wancan lokaci da aikinsa bai wuce wasu kaɗan ba.

Wannan ya bar wata ƙa'idar rubutu da ya kamata duk mai karanta takardar magani ya riƙe. A Turancin likitoci, sunan kasuwa da babban baƙi ake fara shi, domin sunan abin mallaka ne. Sunan asali da ƙaramin baƙi ake rubuta shi, kamar yadda ake rubuta ruwa ko gishiri. A mujallun 1948 za a tarar da chloromycetin da ƙaramin baƙi, domin a lokacin shi ne sunan abin, babu wani. Bayan 'yan shekaru sai ya koma babban baƙi. Wanda ya lura da wannan yana iya ƙiyasta shekarun rubutu daga harafin farko na kalmar. A 1950 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke shawarar tsara sunayen asali na bai-ɗaya, jerin farko ya fito a 1953, don likitan Masar da na Indiya da na Faransa su san abu ɗaya suke magana a kai.

Yadda sunan Chloromycetin ya yi ƙarfi haka kuwa, aikinsa ne ya jawo. A ƙarshen 1947 annobar taifus, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, ta ɓarke a Bolibiya. Wani likitan kamfanin, Eugene Payne, ya tafi da ɗan abin da aka iya tarawa na maganin, wanda ya ishi mutum 22 kacal. Dukansu suka tashi, har da waɗanda aka riga aka fid da rai da su. A 1948 wata tawagar likitocin sojan Amurka ƙarƙashin Joseph Smadel ta tafi Kwala Lumfur a Malaya don gwada shi a kan wani nau'in taifus da ake kamuwa da shi a cikin ciyayi. A can ne Theodore Woodward da abokan aikinsa suka ga cewa yana warkar da taifot. Taifus da taifot sunayensu sun yi kama, amma cututtuka ne daban: taifot ta ruwa da abinci marasa tsabta yake shiga, a hanji yake zama. Kafin wannan lokaci babu abin da likita zai yi wa mai taifot sai jinya da jira. Zazzaɓin yakan ɗauki makonni, cikin kowane mutum 100 da ya kwantar 10 zuwa 20 kan rasu. Da zuwan maganin, zazzaɓi ya riƙa sauka cikin kwana uku zuwa biyar, mace-mace suka koma 1 ko 2 cikin 100 a inda ake samun kulawa. Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai taifot zai fahimci dalilin da ya sa likitocin wancan zamani suka riƙa ambaton sunan da girmamawa.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1949. Cikin ɗan lokaci ya zama ginshiƙin arzikin kamfanin. A nan ne matsala ta faro. Maganin da aka samo don taifot da taifus ya koma abin da ake rubuta wa mai mura, mai ciwon maƙogwaro, mai ƙurajen fuska, da yaron da aka cire wa haƙori. Ana shansa ta baki, ba ya tayar da zuciya sosai, ana kuma tallarsa a matsayin magani marar illa. Sunan yana da daɗin faɗi, likita ya saba da shi, iyaye ma suna zuwa su roƙe shi da sunansa.

Daga 1950 rahotanni suka fara fitowa. Wasu da suka sha maganin, bayan makonni ko watanni da gamawa, sai jikinsu ya yi fari, su riƙa gajiya, jini ya riƙa fita ta hanci da dasashi, tabo baƙi-baƙi ya bayyana a fata ba tare da an buge su ba. Idan aka duba ɓargonsu sai a tarar ya daina aiki. A cikin ɓargo ne jiki ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗanda ke sa jini ya daskare a kan rauni. Idan ɓargo ya tsaya, duka ukun sun tsaya. A wancan zamani, mafi yawan waɗanda abin ya sama ba su tashi ba. Wani likita a Kalifoniya, Albe Watkins, ya rasa ɗansa a 1952 bayan an ba yaron maganin. Ya rufe wurin aikinsa, ya shiga mota ya ratsa Amurka, duk garin da ya yada zango sai ya nemi likitocin wurin ya tambaye su ko sun ga irin wannan. Ya kai abin da ya tara ga hukuma a Washintan. A wannan shekarar aka tilasta sanya gargaɗi a jikin maganin.

Ya kamata a bambance illa biyu, domin ana yawan cakuɗa su. Maganin yana aiki ne ta hanyar toshe ribosom, ɗan sashen da bakteriya ke haɗa furotin da shi. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wani sashe mai samar da ƙarfi, mitokondiriya, wanda ribosom ɗinsa ya yi kama da na bakteriya. Shi ya sa idan aka ba da maganin da yawa ko aka daɗe ana sha, ɓargo kan rage aiki, amma da an daina sai ya farfaɗo. Wannan ita ce illa ta farko, ana iya hango ta da gwajin jini. Ta biyun ita ce mai ban tsoro: ba ta da alaƙa da yawan abin da aka sha, ba a iya sanin wanda za ta faɗa wa, kuma ba ta komawa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum ɗaya cikin 24,000 zuwa 40,000 na waɗanda suka sha. Ga mai sanƙarau ko taifot mai tsanani, wannan haɗari ƙarami ne idan an gwada shi da mutuwar da ke gabansa. Ga mai mura, wadda maganin ba ya taɓa ta ma sam, kowace mutuwa ɗaya asara ce da babu hujjar da za ta wanke ta.

A 1959 wani sabon abu ya ƙaru. A asibitocin Amurka an saba bai wa bakwaini maganin don riga-kafin cuta. Wani bincike a Los Anjalis ya nuna cewa jariran da aka bai wa sun fi waɗanda ba a bai wa komai ba mutuwa, nesa ba kusa ba. Hantar jariri sabuwar haihuwa ba ta riga ta iya sarrafa maganin ba, sai ya taru a jini. Jariri ya ƙi nono, ciki ya kumbura, jiki ya saki ya yi sanyi, fata ta koma launin toka. Daga nan Turancin likitoci ya sami wata sabuwar jimla mai nufin ciwon jariri mai launin toka, kuma har gobe duk ɗalibin da aka tambaya abin da ya sani game da kuloramfenikol, wannan da mutuwar ɓargo ne zai fara faɗa kafin ya tuna cewa maganin yana warkarwa.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan tarihi shi ne cewa gargaɗin 1952 bai daɗe yana aiki ba. Ciniki ya faɗi na ɗan lokaci, sannan ya sake tashi. Sai da maganar ta kai Majalisar Dattawan Amurka sau biyu, a zaman binciken Sanata Estes Kefauver da ya fara a 1959, da na Sanata Gaylord Nelson a 1967 da 1968. Masana suka shaida cewa mafi yawan waɗanda ake rubuta wa maganin ba su da ciwon da ya cancanci a ba su shi. An kuma nuna cewa tallar da ake bugawa a wasu ƙasashen waje ba ta ɗauke da irin gargaɗin da doka ta tilasta a Amurka, alhali ɓargon mutum iri ɗaya ne ko'ina yake. Dokar magunguna ta 1962, wadda ke ɗauke da sunan Kefauver, ta taɓo batun suna kai tsaye: ta wajabta cewa a jikin kwali da cikin talla a rubuta sunan asali tare da sunan kasuwa, kuma girman baƙaƙensa kada ya gaza rabin na sunan kasuwar. 'Yan majalisar sun gane cewa likitan da ya karanta gargaɗi a kan chloramphenicol a mujalla yana iya ci gaba da rubuta Chloromycetin ba tare da zuciyarsa ta haɗa su wuri ɗaya ba.

Haƙƙin mallakar kamfanin ya ƙare a 1966, kowa ya sami damar haɗa maganin, sunan asali ya fara rinjaye. Kamfanin kansa ya shige hannun Warner-Lambert a 1970, daga bisani Pfizer ya haɗiye su a 2000. A Amurka an daina yin na sha ta baki tun farkon shekarun 1990, sai na allura a asibiti. Kalmar da ta taɓa nufin zaɓin farko ta koma nufin abin da ake ajiyewa sai an rasa wani. A Ingila kuwa ta bi wata hanya dabam: a can idan an ce kuloramfenikol, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne ruwan ɗiga wa ido, wanda tun 2005 ake sayensa a kantin magani ba tare da takardar likita ba. Harshe ɗaya, kalma ɗaya, amma likitan Amurka yana jin haɗari, uwa a Landan tana jin 'yar kwalabar da ke cikin firji.

Ƙwayoyin cutar su ma ba su zauna ba. A 1972 annobar taifot ta ɓarke a Meziko, ta kama fiye da mutum 10,000, kuma ƙwayar ba ta jin maganin. Cikin shekarun 1980 irin wannan ta bazu a Indiya da Fakistan da wasu sassan Afirka. Yau idan masana suka ce taifot mai bijire wa magunguna da yawa, ma'anarsa takamaimai ce: wanda ba ya jin kuloramfenikol da amfisilin da kotirimokzazol. Sunan ya zama ma'auni. A gefen abinci ma haka: Tarayyar Turai da Amurka sun haramta bai wa dabbobin da ake ci, domin babu wani ɗan adadi da za a ce ba zai taɓa ɓargo ba. A 2002 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da zuma da jatan lande da wasu kayan daga Sin saboda an sami ɓurɓushinsa a ciki.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce tsohon magani ne da zamani ya wuce. Amma a daidai shekarun da Turawa ke juya masa baya, a ƙasashenmu na bakin Sahara yana ceton rayuka da yawan da babu mai iya ƙirgawa. Yana da wata baiwa da magunguna da yawa ba su da ita: yana ratsawa daga jini zuwa ruwan ƙwaƙwalwa da na laka cikin sauƙi, inda ƙwayar sanƙarau ke zama. Kamfanin Roussel na Faransa ya yi wani nau'insa da aka dama a cikin mai, da sunan kasuwa Tifomycine, sunan da ke nuna cewa don taifot aka yi shi. Idan aka yi allurarsa a tsoka, man yakan riƙe maganin ya riƙa sakinsa sannu a hankali. A shekarun 1970 likitoci suka gane cewa allura ɗaya ta wannan, a ƙara ta biyu idan ba a ga sauƙi ba, tana iya warkar da sanƙarau. An gwada haka a Zariya a ƙarshen shekarun 1970, an kuma tabbatar da shi a wani bincike da aka yi a Bamako da Yamai, wanda aka wallafa a 1991.

Sai wanda ya san yadda annobar sanƙarau take a watannin bazara zai gane darajar wannan. Ɗakin shan magani na ƙauye mai ma'aikaci ɗaya ko biyu, marasa lafiya kwance a ƙarƙashin bishiya da cikin azuzuwan makaranta, babu gado, babu firji, babu mai iya yi wa kowane mutum allura sau huɗu a yini har mako guda kamar yadda fenisilin ke buƙata. Allura ɗaya a cinya ko a ɗuwawu, mai arha, wadda zafi ba ya lalata ta da wuri, ita ce bambanci tsakanin a yi magani da a zuba ido. A annobar 1996, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a arewacin Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, wannan allurar mai ita ce babban makamin ma'aikatan lafiya. Abin takaici, kamfanin da ke yin ta ya daina tun 1995, domin masu buƙatarta ba masu kuɗi ba ne, sai da wata gidauniya mai samar da magunguna ga ƙasashe matalauta ta nemo inda za a ci gaba da haɗa ta. A 2003 aka yi wani gwaji a yankin Damagaram da marasa lafiya kimanin 500, aka ga allura ɗaya ta seftiriyakzon tana yin aikin da allurar mai ke yi, kuma ana iya bai wa mai ciki da ƙaramin yaro. Daga nan seftiriyakzon ya fara maye gurbinta.

Ke nan abu ɗaya ya amsa sunaye da yawa. Chloromycetin a Amurka da ƙasashen da ke karatu da Turanci, Tifomycine a ƙasashen da ke karatu da Faransanci, Levomycetin a Rasha. Kowane suna da abin da ya tara a zukatan masu faɗarsa, na yabo ko na tsoro. Garin da ke cikin kwalabar bai sauya ba. A ganina, maganin bai cancanci kirarin 1949 ba, bai kuma cancanci a mai da shi dodo ba. Abin da ya raba wanda maganin ya ceta da wanda ya kashe shi ne ciwon da aka ba shi dominsa.

Akwai wani haɗarin da ke tattare da sunan kansa, ba da maganin ba. Magungunan da sunansu ya fara da "chlor" suna da yawa, aikinsu kuma ya sha bamban. Chloroquine na zazzaɓin cizon sauro ne. Chlorpheniramine na mura da ƙaiƙayi ne. Chlorpromazine na taɓin hankali ne. Chlorpropamide na ciwon sukari ne, wanda idan mai lafiya ya sha yana iya sumar da shi. Chlorambucil na kansar jini ne. Babu abin da ya haɗa su sai kulorin da ke jikinsu da gaɓar farko ta sunansu. Likitan da ya rubuta rabin suna ya ja layi, da mai kyamis da ya yi hasashen sauran, da ɗan aiken da aka tura da baki ya riƙe farkon kalmar ya mance ƙarshenta, kowannensu na iya kai wa marar lafiya abin da ba nasa ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake koya wa ma'aikatan lafiya su rubuta sunan asali cikakke, ba tare da taƙaitawa ba.

Mu kuma a kasuwanninmu mun ƙara wani mataki, domin sau da yawa ba ma kiran magani da ko ɗaya daga cikin sunayensa. Da launinsa muke kiransa, ko da ciwon da muke zaton muna da shi. A ba ni farin kafso, a ba ni ja da rawaya, a ba ni maganin taifot. Duk zazzaɓin da ya ƙi sauka sai a ce taifot ne, wani lokaci bisa gwajin jini guda ɗaya da ba ya iya tabbatar da hakan shi kaɗai. Lokacin afolo kuma kowa na neman ruwan ɗiga wa ido na kuloramfenikol, alhali afolo bairos ke kawo shi, maganin kuma bakteriya kaɗai yake taɓawa. Abin da Amurkawa suka yi a shekarun 1950 da takardar likita, muna iya maimaita shi yau ba tare da takarda ba, kuma idan ɓargon wani ya tsaya bayan wata biyu, babu mai tunawa da kafson da ya sha, balle a rubuta.

Don haka, mai karatu, idan aka miƙo maka kwalin magani, kada idonka ya tsaya a kan babban sunan da aka ƙawata. Nemi ƙaramin da ke ƙarƙashinsa, ka karanta shi har ƙarshe, idan ba ka iya ba ka sa mai kantin ya karanta maka. In ka ga chloramphenicol a kan kafso ko ruwan sha, ka tambayi wanda ya rubuta maka wane ciwo yake nufin kashewa da shi, da ko akwai wani da zai yi aikin. Kada a ba jariri, kada mai ciki da ta kusa haihuwa ko mai shayarwa ta sha, sai da umarnin likitan da ya duba ta.